Wane Gefen Kifi Ke Fara Kallon Wuta

Leeds, Oktoba 1989

Yaya Dorcas da Yaya Winnie,

Gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan ta same ku lafiya, ku da iskar Beadnell da ba ta san hutu ba. Ni ne Cuthbert Renner, jikan Baba Ralph ƙanen kakarku. In sunan bai tuna muku komai ba, ni ne mai manyan kunnuwan nan da aka kawo gidanku lokacin yaƙi, wanda ya yi amai a kwale-kwalen babanku tun ba a bar gaɓa ba. Kunnuwan suna nan, gashin ne ya tafi. Lafiyata lau, in ban da gwiwar hagu da ke riga rediyo sanin za a yi ruwa.

An daɗe ba ku ji ɗuriyata ba, ga shi kuma da buƙata na zo. Tun da na bar koyarwa na shiga cikin wasu tsofaffi irina, muna haɗa ƙamus na maganar mutanen arewacin Ingila kafin masu maganar su ƙare. Da aka raba kalmomi sai broil ta faɗo hannuna. A nan Leeds in ka faɗe ta gaban matasa sai su ɗauka sunan magani ne. Amurkawa ne suka tafi da ita, har yau da ita suke gasa nama. Ni kuwa a kicin ɗinku na fara jin ta. Kakarku takan faɗe ta in za ta ɗora kifin banda a ƙarfen gashi, takan kuma faɗe ta in ku biyu kun kaure da faɗa, kuma ta sha gaya mini abu ɗaya ne, wai duka wuta ce.

To ku gaya mini, har yanzu akwai mai faɗinta a garin? Don gashi, ko don rigima? Sannan har yanzu kuna gardamar nan taku? Ina tuna Yaya Dorcas ta kafe fatar kifi ce ke fara kallon garwashi, Yaya Winnie ta kafe tsoka ce, kowacce ta ɗora nata a gefenta na ƙarfe ɗaya kuna zungurin juna da gwiwar hannu, ni ina zaune da faranti ba wanda ya tuna da ni.

Naku,
Cuthbert

Beadnell, Nuwamba 1989

Cuthbert,

Na ga takardarka, na kuma tuna kunnuwan. Ina gaida kai da gwiwarka. Ni lafiya lau, haka nake cewa in an tambaye ni. Ni ce zan ba ka amsa, Dorcas ba za ta rubuta ba.

Kalmar taka saura a bakin mutum ɗaya a garin nan, tsoho Lisle mai gidan banda. Don gashi yake faɗinta. Don rigima ban ƙara jin ta ba tun bayan kaka.

Gardamar kifi kuwa ka tuna daidai. Dorcas cewa take in fata na ƙasa man kifin yakan taru a cikin tsoka kamar a cokali. Ni cewa nake kifin da tsokarsa ba ta ga wuta ido da ido ba dafaffe ne, ba gasasshe ba. Da na yi aure muka samu hutu, da teku ta tafi da mijina na dawo gida da goyon ɗana Gavin muka ɗora daga inda muka tsaya. Kowace Juma'a Lisle ya aiko da kifi biyu, kowace Asabar da safe mu yi. Ban taɓa ɗanɗana nata ba, ba ta taɓa ɗanɗana nawa ba.

Yanzu an daina. Tun watan Satumba ba a ƙara faɗa a gidan nan ba. Dorcas ba ta ƙara cewa komai a kan kifi ba, ni ma ban ce ba. Ƙarfen yana rataye a ƙusarsa, murhun a kashe. Akwai ƙaramar hita ta lantarki, da ita nake dumama ƙafa, a butar lantarki nake dafa shayi.

Gavin yana so in bar gidan nan in koma wurinsa a Newcastle. Nas ɗin da ke zagayowa ce ta gaya masa wai na rame, wai ba na cin abu mai zafi. Ya ce ya ba ni zuwa Ista, in har nas ba ta ga canji ba zai zo da mota ya kwashe ni. A gidan nan aka haife ni. Na san ya kamata in ji wani abu game da maganar, na duba ban samu ba.

Ruwa ake ta yi. Jiragen kamun ƙaguwa ba su fita ba satin nan.

Winnie

Leeds, Nuwamba 1989

Yaya Winnie,

Na gode ƙwarai, da fatan ku duka biyu kuna lafiya. Gwiwa ta amsa gaisuwa.

Kai, ashe zan ga wannan rana! Sulhu a kicin ɗinku, ku 'yan gidan Handyside! Na karanta wa abokan aikina wurin da kika ce an daina faɗa, ɗaya ya ce kamata ya yi a buga ƙararrawar coci. Amma ba ki faɗi wadda ta yi nasara ba. Ni dai na gano, tun da ke ce kika bar cin abinci ita kuma ta yi gum, fushi ne irin na manya ba sulhu ba. Ki ce wa Yaya Dorcas ta sauke girman kai ta gasa miki kifi. Ki kuma raɗa mata cewa ni tun ina yaro ina bayanta, tsoronki ne ya hana ni faɗa.

Maganar Newcastle kuwa wasa Gavin yake. Ki tafi ki bar Yaya Dorcas da wa? Da wa za ta yi faɗa, da agogon bango?

Ga ɗan abin da na tono. Broil ta gashi daga Faransanci ta shigo mana, shekaru ɗari shida da suka wuce ko fiye, daga tsohuwar kalmarsu ta ƙonawa. Wato asalinta ba girki ba ne, ƙuna ce kawai, daga baya aka koya mata ladabi ta shiga kicin. Ta rigimar ina kan bin sawunta, zan gaya muku inda ta kai ni.

Naku,
Cuthbert

Beadnell, Janairu 1990

Cuthbert,

Barka da sabuwar shekara. Ina fatan kana lafiya. Takardarka ta daɗe a kan tebur a ƙarƙashin kwalbar sukari, sai yau na ɗauki biro.

Dorcas ta rasu a watan Satumba. Na ɗauka na rubuta maka. Da na ga amsarka na zauna na yi ta tunanin abin da na rubuta, sai na ga ashe ban faɗa ba. Ba laifinka ba ne. Ban ji haushi ba, kada ka damu.

Ranar Asabar ce da safe. Mun ɗora kifi, nata fata ƙasa, nawa tsoka ƙasa. Man nawa ya ɗiga a garwashi wuta ta tashi, kamar kullum. Ta ce, "Ga ta nan, za ta ƙona mana gida, tsohuwar banza." Na ce, "Ki ji da naki mai kama da jiƙaƙƙen tsumma." Ta nuna ni da cokali mai yatsu ta ce, "Ke dai Winnie, ba ki taɓa..." Sai ta zauna a kujera. Na jira ta ƙarasa don na riga na tanadi amsa. Ban juyo ba sai da na ji ƙaurin kifinta.

Ban yi kuka ba, ko a maƙabarta. Na tsaya ina kallon takalmin fasto, igiyar ɗaya ta kwance, ina ta tunanin ko in gaya masa. Mata suka ce, "Winnie akwai dauriya." Ba dauriya ba ce. Kamar dai in ka kwanta a kan hannunka ka tashi ka taɓa shi ka ji na wani ne.

Gavin ya zo Kirsimeti da matarsa. Ya buɗe kabad ya ga biskit da shayi ya ce, "Mama, wannan ne abincin?" Na ce shi ne. Ya ce, "To shi ke nan, Mama, yadda kika ce." Shi da yake musa mini ko da na ce rana ta fito. Kowa haka yake yi mini yanzu, murya ƙasa-ƙasa, komai na faɗa a ce haka ne.

Lisle bai daina aiko da kifi biyu ba, ban kuma ce ya daina ba. Kuliyoyin maƙwabta sun yi ƙiba. Na wannan satin na naɗe maka su, za su zo da takardar nan, mai raba wasiƙu zai tsine mini.

Winnie

Leeds, Janairu 1990

Yaya Winnie,

Allah ya jiƙan Yaya Dorcas, ya ba ki haƙuri. Na karanta takardarki a tsaye, sai da na nemi kujera. Na rasa inda zan sa kaina don kunya. Ina ta zuba miki barkwanci ashe a kan kabari nake tsaye. Ki yafe mini.

Maganar da na yi cewa ina bayanta, ki manta da ita, surutu ne. Da na yi tunani sai na ga hanyarki ce daidai, tsoka ce ya kamata ta fara ganin wuta. Maganar kaka ma daidai ce, in ke ma haka kike gani. Game da Newcastle, duk abin da kika zaɓa shi ne mafi alheri. Kada ki wahalar da kanki da batun ƙamus, ba komai ba ne.

Kifi ya iso lafiya, na gode. Ki riƙa cin wani abu ko kaɗan ne.

Ƙanenki,
Cuthbert

Beadnell, Fabrairu 1990

Cuthbert,

Na gode da ta'aziyya. Lafiyata yadda take.

Ashe kai ma ka shiga layinsu. Ba komai.

Shekaranjiya fasto ya zo. Na ce bari in gwada shi, na ce masa bana tsuntsayen teku da baya-baya suke tashi. Ya kama hannuna ya ce, "Haka ne, Winnie, duniya ta canza." Na ba shi biskit ya tafi.

Nas ta ɗora ni a sikeli, ta rubuta abin da ta rubuta. Ta ce, "Kin ci wani abu mai zafi yau?" Na ce shayi. Ta yi murmushi irin na nas.

Zan bi Gavin. Ya kawo kwalaye, ina cika ɗaya-ɗaya in na tuna. Ɗakin da za su ba ni yana kallon wurin ajiye motoci, ya ce akwai ɗumi sosai. Rigunan Dorcas na kai coci. Kujerarta ban san yadda zan yi da ita ba, ba ta shiga kwali.

Ƙarfen gashin na ware maka, tun da kai ne mai tara tsofaffin abubuwa. Gidan Gavin komai na lantarki ne, matarsa kuma ba ta son ƙarni. Na kaka ne, maƙerin Bamburgh ya yi shi. Za ka ga gefe ɗaya ya fi baƙi, nawa ke nan. Gavin zai aiko maka bayan Ista.

Ba sai ka ba da amsa ba.

Winnie

Leeds, Afrilu 1990

Yaya Winnie,

Ina gaishe ki. Kin ji ni shiru, an yi mini aiki ne a gwiwa, yanzu da sanda nake dogarawa. Ina kwance a asibiti kowa na ce mini sannu cikin muryar nan da kika faɗa, har na ji kamar in jefi wani da kofi. To, takardar nan babu sannu a cikinta.

Na gama da kalmar, kuma kaka ba ta yi daidai ba. Broil ta gashi da broil ta rigima ba abu ɗaya ba ne, baƙi biyu ne da suka sauka a masauki ɗaya aka ɗauka 'yan gida ɗaya ne. Ta rigimar ita ma daga Faransa ta zo, amma daga brouiller, wato dagulawa, cuɗa abu har ya rikice. Masana da yawa suna ganin in aka ƙara bin ta baya, a tukunyar romo za a tsaya. Akwai masu cewa can da nisa tushensu ya haɗu, ni ban gamsu ba, kuma ni ke riƙe da biro. Wato rigima ba 'yar wuta ba ce, 'yar ruwa ce. Haka na rubuta, haka za a buga.

Na biyu, abin da na ce hanyarki ce daidai, lallashi ne. Amma na janye goyon bayana ga Yaya Dorcas ma. Kifin da kika aiko ban gasa su ba. Mai gidan da nake haya ba ta yarda da hayaƙi, sai na sa su a kwano mai zurfi, kai ƙasa, na kwarara musu tafasasshen ruwa, na rufe na ɗan jima, na tsiyaye. Yaya Winnie, ban taɓa cin kifin banda mai taushi irin wannan ba. Babu ƙauri, babu ƙaya mai ƙuna, babu wankin ƙarfe. Ku biyu kun ƙarar da rayuwarku kuna musu a kan wane gefe zai kalli wuta, alhali kifin ba ya buƙatar wutar sam.

Saboda haka ƙarfen ba zai yi mini aiki ba. Amma ki aiko, zan goge baƙin da ke jikinsa in shafa masa fenti in rataye a falo, zai yi kyau kusa da hotuna.

Cuthbert

Beadnell, Afrilu 1990

Cuthbert Renner,

Ban tambayi gwiwarka ba, kuma ba zan tambaya ba.

Ruwan zafi! Kifin Lisle, da ya kwana cikin hayaƙin itacen da mutumin nan ke zaɓa da hannunsa, ka tsoma shi a ruwa kamar safa mai datti, har kana da bakin rubuto mini. Mutumin da ya yi amai a kwale-kwale yana ɗaure shi ne zai koya wa 'yan gidan Handyside cin kifi. Kuma fenti! Na karanta wurin fentin nan sai na ji kunnuwana sun yi zafi. Na ce da ƙarfi, "Dorcas, ji ɗan banzan yaron nan!" Rabon da in ɗaga murya a gidan nan tun Satumba.

Takardarka ranar Asabar ta zo, jajibirin Ista, ranar da Gavin zai zo da mota. Kifin Juma'a suna nan ban kai wa kuliyoyi ba. Na yage kwalin da na rubuta sunanka a kai, na ciro ƙarfen. Na haɗa wuta. Bututun hayaƙin ya yi sanyi wata da watanni, hayaƙi ya dawo ciki ya cika kicin, ina tari ina zaginka. Niyyata in gasa ɗaya kawai, in ci, in rubuto maka yadda kifi yake a bakin mai hankali. Da garwashi ya yi ja na duba sai na ga biyu a kan ƙarfen, nawa tsoka ƙasa a gefena, ɗayan fata ƙasa a gefenta. Hannuna ne ya yi, bai yi shawara da ni ba.

Na cinye nawa a tsaye. Sannan na jawo nata. Man ya taru a tsakiya kamar a cokali, yadda take faɗa. Na ci, ban bar komai ba sai ƙaya.

Nawa ya fi, Cuthbert. Ba da nisa ba, amma ya fi. Na juya wajen kujerarta na ce, "Kin ji ko? Na ɗanɗana, kuma nawa ya fi, jiƙaƙƙen tsumma kawai." Na tsaya da cokali a hannu ina jiran ta rama. Na daɗe ina jira. Ba ta taɓa barina da kalmar ƙarshe ba, ko sau ɗaya, tun ina rarrafe. A nan ne abin ya same ni. Na zauna a ƙasa gaban murhu na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba, da ƙarfi, ba kyan gani. Yayata ta mutu, kuma ina kewarta har cikin ƙashina.

A haka Gavin ya shigo, hayaƙi ya tare shi a ƙofa. Ya ce, "Mama! Me ya ƙone?" Na ce, "Ba abin da ya ƙone, gashi ake, ɗauke ƙafarka daga kan tabarmata." Ya kalli faranti ya kalle ni ya ce, "Biyu kika ci?" Na ce da akwai na uku da na ci. Na ce ya mayar da kwalayensa mota, ba inda za ni. Ya ce, "Ai ba ke kaɗai ke da magana ba, Mama, kin ga yadda kika koma kuwa? Iska ma sai ta ɗauke ki!" Na ce uwarsa iska za ta ɗauka. Ya ce ai ita yake nufi. Muka yi ta yi har matar maƙwabci ta leƙo ta taga. Da ya gaji ya ce ya ƙara mini wa'adi zuwa ƙarshen rani, in nas ta sake kawo ƙarata ba zai saurare ni ba. Yana fita na ga yana share ido da hannun riga, wai hayaƙi ne.

Maganar ƙamus ɗinka, ka rubuta abin da ka ga dama, Faransawa ba su taɓa shiga kicin ɗinmu ba. Ni na tsaya a kan maganar kaka, kuma ina da hujjoji, amma ba zan ɓata su a takarda ba. Ƙarfen ya koma ƙusarsa, ko inuwarsa ba za ka samu ba.

Lisle har yanzu biyu yake aikowa, kuma ba zan iya cin biyu kowane sati ba. In sabon kifi ya shigo a watan Yuni ka hau jirgin ƙasa ka zo, kai da sandarka. Akwai kujera. Ka zo da kwanonka na ruwan zafi da duk ra'ayoyinka na banza, kada ka bar ko ɗaya a Leeds. In ka kuskura ka ce mini haka ne ko sau ɗaya, a jirgin yamma za ka koma.

Yayarka,
Winnie